Ɗorawar da Muka Tsare da Madobiyar da Muka Sayar

A ranin shekarar 2016, wata bakwai bayan rasuwar mahaifinmu, wani baƙo ya shigo ƙauyenmu da ke kudancin ƙasar Zazzau a kan babur, yana tambayar masu gonar da ke gindin dutse. Da aka kawo shi zaurenmu aka gaisa, sai ya ce bishiya ɗaya ya gani a gefen gonar, can inda ƙasa ta koma marmara, kuma yana so ya saya. Madobiya ce. Kuɗin da ya taya sun fi abin da gonar ta ba mu na masara a daminar da ta wuce.

A lokacin ana shirin auren ƙanwarmu, ga kuma bashin asibiti da jinyar Baba ta bari. Yayanmu ya kira ni a waya ya ce, “Ƙanena, kai ne ɗan boko, me ka gani?” Na ce, “Yaya, a sayar mana. Me madobiya take tsinana mana?” Kafin mako ya zagayo an zo da injin yanka, an kwantar da ita, an fafe gungumen ya zama mai kusurwa huɗu, an ɗora a mota. Yaran da suka je kallo sun dawo suna cewa bishiyar ta yi jini, domin jan ruwa ne ke fita daga ɓawonta in an sare ta.

A tsakiyar wannan gona akwai ɗorawa guda uku. Da baƙon ya taya ɗaya daga cikinsu, na tabbata da Inna ta sa an raka shi bakin hanya. Tun muna yara mun san ɗorawa tana da mai ita, ana gadonta kamar yadda ake gadon ɗaki, ba a kuma kai mata gatari. Shekara biyu bayan cinikin na gano cewa a ma'aunin masana na duniya, bishiyar da muke tsarewa ba ta cikin haɗari, wadda muka sayar kuwa tana kan hanyar ƙarewa. Daga nan na shiga bin diddigin bishiyoyin nan biyu, kuma abin da na samu shi na kawo muku a wannan mako.

Dangi ɗaya, ɗaki daban

Masana tsirrai suna kasa shuke-shuke kamar yadda masu tarihi ke jera nasaba. Tun daga 1753, lokacin da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya fitar da littafinsa a kan ire-iren tsirrai, kowane tsiro yana da suna biyu na Latin: na farko sunan gidansu, na biyu nasa na kansa. Ɗorawa ita ce Parkia biglobosa, madobiya kuwa Pterocarpus erinaceus. Dukansu 'yan dangin Fabaceae ne, wato dangin wake, wanda shi ne na uku a girma cikin dangogin tsirrai masu fure, da nau'i sama da 19,000. Wake, gyaɗa, waken soya, tsamiya, gawo da bagaruwa duk a nan suke. Alamar da ta haɗa su ita ce kwanso mai ɗauke da ƙwaya.

Amma dangin yana da rassa, kuma a 2017 masanan wannan fanni suka sake tsara shi zuwa rassa shida bisa binciken ƙwayoyin halitta. Ɗorawa tana reshe ɗaya da gawo da bagaruwa: ƙananan ganye jere a kan ƙaramin reshe kamar gashin tsuntsu, da furanni ƙanana masu ɗimbin yawa da suka dunƙule wuri ɗaya. Madobiya tana reshen da wake yake, mai fure kamar malam-buɗe-littafi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a wannan nasaba madobiya ta fi kusa da gyaɗa a kan ɗorawa. Bishiyar da ke kai mita goma sha biyar da tsiron da bai wuce gwiwa ba 'yan ɗaki ɗaya ne. Wanda ya taɓa duban furen gyaɗa da kyau, ya kuma ɗaga kai ya dubi madobiya a watan Janairu, zai ga kamannin da idonsa.

Akwai wani abin dariya a nan. Bahaushe ya ɗauko sunan launin rawaya daga garin ɗorawa, ya ce ruwan ɗorawa. To furen madobiya ne ruwan ɗorawa. Ita ɗorawar furenta ja ne. Tutun nan da muke tsotsa muna yara, mai reto a kan dogon tsinke, tarin ɗaruruwan furanni ne. Da magariba suke buɗewa su zubo da ruwan zuma, jemagu su zo sha su kwashi garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan, ƙudan zuma su ƙarasa aikin da sassafe. Jemagen da muke jifa da ɗanƙo yana cikin masu samar mana da kalwa.

Ƙasa ma ba iri ɗaya suke yi mata hidima ba. Madobiya, kamar gyaɗa da wake, tana da 'yan ƙulalai a saiwarta inda wasu ƙwayoyin bakteriya ke zama suna jawo sinadarin naitirojin daga iska suna mai da shi taki. Ɗorawa ba ta da wannan baiwa duk da kasancewarta 'yar dangi. Takinta na ganyen da take zubarwa ne da kashin dabbobin da ke hutawa a inuwarta.

Sunayen nasu suna ɗauke da tarihi. Pterocarpus daga Girkanci yake, ma'anarsa ɗa mai fiffike, erinaceus kuwa bushiya ke nan da Latin. Wanda ya ga ɗan madobiya zai yaba wa mai raɗa sunan: faifai ne zagayayye mai kaurin takarda, da dunƙulen ƙaya a tsakiya, iska na ɗaukarsa ta kai nesa da uwar. Parkia kuwa an sa shi ne don tunawa da Mungo Park, matafiyin Sikotlan da ya mutu a kogin Kwara wajen Busa a 1806. Masanin tsirrai Robert Brown ne ya raɗa sunan a 1826, a cikin ratayen littafin tafiyar Denham da Clapperton da Oudney. Clapperton ɗin nan shi ne ya shiga Kano ya kuma gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, shekarar da abokin tafiyarsa Oudney, mai tara ganyayyaki, ya rasu kusa da Katagum. Ashe sunan da duniya ta san ɗorawa da shi ya biyo ta ƙasarmu kafin ya shiga littafi.

Ɗaya a gona, ɗaya a daji

A taswira mazauninsu kusan ɗaya ne. Dukansu 'yan yankin ciyawa da bishiyoyi ne da ya miƙe daga Senegal ya ratsa Mali, Burkina Faso, arewacin Gana, kudancin Nijar, Nijeriya, Kamaru da Cadi. Ɗorawa ta zarce gabas har Sudan ta Kudu da arewacin Uganda, madobiya ta tsaya wajen Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Dukansu suna jure dogon rani, suna fure lokacin hunturu da farkon bazara, sa'ad da sauran itatuwa suka yi tsit.

In aka sauko daga taswira aka taka ƙasa sai bambanci ya fito. Ɗorawa tana son ƙasa mai zurfi da saiwarta za ta nutsa, wato irin ƙasar da manomi ke so. Da manomi ya zo sassabe sai ya kwantar da komai ya bar ta tsaye, tare da kaɗanya da kuka da tsamiya. Shekaru aru-aru ana haka har ɗorawa ta zama bishiyar gona, ta shiga sunayen wurare: Ɗorayi da ke Kano jam'in sunanta ne. Madobiya kuwa tana iya rayuwa a kan marmara da tsakuwa da gangaren dutse, tana jure gobarar daji, saboda haka ta fi yawa a inda garma ba ta shiga: saura, burtali, dajin gwamnati, gefen tsauni. Tamu ma da ta tsira har 2016, don ta fito ne a inda ba a nomawa.

Wannan rabo na mazauni shi ne ya raba musu rabo a wajen mutane. Abin da ɗorawa ke bayarwa kowace shekara yake zuwa, kuma a lokacin da ake bukata. Tana nuna ne gab da faɗuwar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Garinta abinci ne. Ɓawon kwansonta ake jiƙawa a sami makuba, wadda ake yayyafa wa daɓe da katanga don su yi ƙarfi. Sai kuma uwa uba kalwa. Na tashi ina ganin kakarmu tana kwana tana iza wuta a ƙarƙashin tukunyar kalwa, da safe a surfa a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye kwana biyu ko uku har warin ya cika gida, sannan a kirɓa a shanya. Da kuɗin daddawa ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Bishiyar da ke cikin tukunyar miya da kuma lalitar mata ba ta rasa mai tsaron ta.

Madobiya ma tana da amfani, sai dai masu cin amfanin ba su ne masu ƙasar ba. Makiyaya sun san ta sarai: a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙone, ita ce ke fitar da sabon ganye mai gina jiki, su hau su sassaro wa shanu. A Bamako har kasuwa ake kai ganyenta don masu kiwon tumaki a cikin gari. Masu magani suna amfani da ɓawonta da jan ƙaronta. A Mali da Gini da icenta ake sassaƙa ganguna da balafon. Amma a ƙauye irin namu, bishiya ce ta kowa, abin kowa kuwa ba shi da mai kuka in ya ɓata.

Yadda kasuwa ta gano ta

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙasar Sin akwai tsohuwar al'adar ƙera kujeru da gadaje da akwatuna daga jan katako mai nauyi da ƙamshi, irin na zamanin daulolin Ming da Qing. Suna kiran wannan katako hongmu, kuma a shekarar 2000 hukuma ta fitar da jerin itatuwa 33 da suka cancanci sunan. Madobiya tana ciki. Da arziki ya bunƙasa a Sin, masu son irin wannan kaya suka yawaita, itatuwan kudu maso gabashin Asiya suka yi ƙaranci, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma. Daga wajen 2010 sara ya riƙa tashi daga ƙasa zuwa ƙasa kamar wutar daji: Gambiya da yankin Kasamans na Senegal, Gini Bisau, Benin, Gana, sannan Nijeriya, wadda cikin 'yan shekaru ta zama kan gaba wajen fitar da shi. A fatauci ana kiransa kosso. A Taraba, inda abin ya fi ƙamari, sunan da ya bi shi shi ne Madrid.

Na bi hanyar Jalingo zuwa Bali a wata tafiyar aiki a 2017, na ga gumagumai jibge a bakin titi kamar buhunan hatsi a ranar kasuwa, tireloli suna lodi zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. A lokacin ban haɗa wannan da abin da ya faru a gonarmu ba, domin Madrid nake ji ana cewa. Sai da na matsa kusa da wani gungume na ga jan ƙaron da ya bushe a jikinsa, na tambayi wani dattijo sunan icen da Hausa. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, ai madobiya ce.”

Girman cinikin ya wuce yadda mutum zai zata. Rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka na 2016 ya nuna cewa tsakanin 2005 da 2014, jan katako irin wannan shi ne ya ɗauki kashi 35 cikin ɗari na darajar dukan namun daji da tsirran da aka kama ana fasa-ƙwaurinsu a duniya, ya fi hauren giwa. A 2017 wata ƙungiyar bincike mai suna EIA ta fitar da rahoto a kan Nijeriya, inda ta ce gumagumai sama da miliyan 1.4, masu darajar kusan dala miliyan 300, an tsare su a tashoshin Sin saboda rashin takardu, daga baya aka ba su takardun bayan sun riga sun isa.

Abin da ma'auni ya ce

Hukumomi biyu ne ke da ta cewa a nan, kuma aikinsu daban ne. IUCN, ƙungiyar kare halittu da aka kafa a 1948 mai hedikwata a Suwizalan, ita ke riƙe da Jan Kundi, inda ake auna kusancin kowane nau'i da ƙarewa. Matakan suna tashi daga wanda ba a damu da shi ba, zuwa na gab da barazana, mai rauni, mai cikin haɗari, mai cikin matsanancin haɗari, har zuwa wanda ya ƙare. Ɗaya daga cikin ma'aunan shiga matakin haɗari shi ne yawan nau'in ya ragu da rabi cikin zuriya uku. A 2018 aka sa madobiya a wannan mataki. Ɗorawa tana matakin farko, na waɗanda ba a damu da su ba. Kaɗanya, maƙwabciyarta a gona, tana matakin masu rauni.

IUCN ba ta hana kowa komai. Aunawa take yi ta faɗa. Mai haƙori ita ce CITES, yarjejeniyar cinikin halittu tsakanin ƙasashe da aka sa wa hannu a Washinton a 1973, wadda Nijeriya ke ciki tun farkonta. Senegal ce ta fara kai kukan madobiya, kuma a taron Johannasbag na 2016 aka sa ta a Rataye na Biyu, dokar ta fara aiki a Janairun 2017. Ma'anar wannan ita ce ba za a fitar da icen daga ƙasa ba sai hukumar kimiyya ta ƙasar ta tabbatar cewa saran ba zai cutar da wanzuwar bishiyar ba. Da aka ga takardu na fita daga Nijeriya babu wannan tabbaci, sai aka dakatar da cinikin daga ƙasar a 2018. A 2022 aka faɗaɗa matakin ya shafi dukan ƙasashen da bishiyar ke fitowa. Ɗorawa ba ta cikin kowane rataye, domin ba a loda ta a kwantena.

Dalilin da ya sa madobiya ba ta iya jure irin wannan sara a bayyane yake. Tana girma a hankali, sai ta shekara da yawa kafin gangar jikinta ta kai abin da mai saye ke so. Masu sara suna fara ɗauke manya, waɗanda su ne masu zubar da iri, in sun ƙare su koma kan matsakaita. Darajar ɗorawa tana ga 'ya'yanta, don haka mai ita yana so ta daɗe. Darajar madobiya a kasuwar duniya tana ga gangar jikinta, kuma sau ɗaya ake karɓar wannan kuɗi.

Gemun ɗan'uwa

Da na karanta cewa ɗorawa ba ta cikin haɗari, hankalina ya kwanta, har sai da na koma gida da sallah na zagaya gonar da niyyar ƙirge. Ɗorawa uku, dukansu Baba ya tarar da su. Na duba gonakin maƙwabta, na ga tsofaffi masu kauri, wasu sun fara bushewa daga sama, kauci ya kama rassansu. Ƙaramar ɗorawa ko ɗaya ban gani ba.

Jan Kundi yana auna haɗarin ƙarewar nau'i a duniya baki ɗaya. Bishiyar da ta bazu daga Senegal zuwa Uganda ba za ta shiga cikinsa da wuri ba, ko da ta ƙare ƙaf a gundumarku. Masu bincike a yankin nan sun daɗe suna nuna cewa ɗorawar gonaki tana tsufa babu magada, kuma dalilan duk mun san su. Muna kwashe kalwa tun kafin ta taɓa ƙasa. Da can ana barin gona ta huta shekaru, a cikin saurar ne 'yan bishiyoyi ke samun damar tasowa. Yanzu mutane sun yi yawa, ƙasa ba ta hutawa. Garmar shanu da tarakta ba sa kauce wa ɗan tsiro yadda mai fartanya ke yi. Wanda ya tsira daga garma, awaki na jiransa da rani. Ga kuma dunƙulen Maggi da daddawar waken soya suna rage wa kalwa kasuwa, kuma ranar da mata suka daina samun kuɗi daga ɗorawa, mai gawayi zai same ta babu mai tsaro. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai abin koyi a kusa da mu. A yankin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, suna zaɓar mai ƙarfi ɗaya ko biyu su sassabe sauran. Da wannan dabara mai arha aka farfaɗo da bishiyoyi a fili mai faɗin kusan hekta miliyan biyar a Nijar. Abin da ya ƙarfafa musu gwiwa shi ne tabbacin cewa bishiyar da mutum ya rena a gonarsa tasa ce. Madobiya tana cikin itatuwan da ke toho daga kututture.

Na je gindin tamu a wannan zuwan. Kututturen yana nan, ya yi baƙi, amma rassa biyar sun fito daga gefensa, mafi tsayi ya kai ƙirjina, duk da awaki sun sha cin kansa. Na kira Yaya na nuna masa, na kuma gaya masa abin da na karanta, har da cewa ni ne na ce a sayar. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Kuɗin dai sun yi mana rana, ƙanena. Amma wannan ba za a sake taɓa ta ba.” Muka yanke uku muka bar biyu, muka kewaye su da ƙaya.

Inna kuwa da na roƙe ta kalwar shuka, sai ta yi dariya ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin wanda ya shuka ɗorawa ba, Allah ne ke shuka ta. Duk da haka ta auno mini cikin tafin hannu daga wadda ta ajiye. Na jiƙa su a ruwan zafi suka kwana, don ɓawon yana da tauri, na shuka a leda ashirin. Goma sha ɗaya suka fito, huɗu suka tsallake ranin farko. In Allah ya raya su, za su fara 'ya'ya nan da shekara bakwai zuwa goma. Yaya ya riga ya ce ta kusa da rijiya ta 'yarsa ce, kuma ya sa an shaida.